Jitar Bes: Abin da Saurayi Ke So da Abin da Makaɗi Ke Nema

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu mazauna ƙasar gabas: na Fatakwal, tun daga Diobu har Oyigbo da Elele, na Anacha, 'yan bakin gada da titin Bida da kasuwar Ose, na Inugu, mutanen Asata da Gariki da karar Ugwuoba. Ina kuma gaida iyalan da ke barikokin soja na Bori Camp da Abakpa, inda Hausa ce harshen kasuwar mami da na wasan yara. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana ku.

Yau zancenmu a kan wani abin kiɗa ne da kowannenku ya sha jin amonsa, ko da bai san sunansa ba, wato jitar bes. Ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiyoyi huɗu masu kauri, wadda amonta yake can ƙasa, ƙirji ya riga kunne jin sa. In kana kwance a ɗaki ranar Lahadi da safe ka ji langa-langa yana rawa, ga coci a bayan layi, to aikinta ne. In ana bikin binne wani attajiri a Anacha an toshe titi da rumfuna, duk kiɗan ya ɓace maka saboda nisa sai wani gurnani mai tashi da sauka, ita ce dai.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, yaron da ya tashi a waɗannan unguwanni ba kunnensu ɗaya da ɗan uwansa na Kano ko Katsina ba. A arewa, tun daga shekarun 1990 da waƙoƙin finafinan Hausa suka kankama, fiyano ce ta haɗiye aikin makaɗa da yawa. Mutum ɗaya a situdiyo zai fitar da ganga, ya fitar da sarewa, ya fitar da bes, duk da yatsunsa goma. A nan kuwa yaro da idonsa yake ganin mutum rataye da jita, gumi na zuba, jama'a na rawa a kan abin da yatsunsa ke yi. Sha'awa takan shiga. Watarana sai uba ya ji ɗansa na sakandare, ko yaron shagonsa, yana cewa, "Baba, jita nake so in saya." To wace jitar? Wadda yake so yau, da wuya ta zama ita ce zai so in ya kai arba'in.

Ita wannan jita ba ta daɗe a duniya ba. Kafin zuwanta, masu kiɗan rawa, har da na hailaif a Ghana da Najeriya, wata ƙatuwar goge ta Turawa suke tsayarwa a ƙasa, tsawonta ya kai na mutum, ɗaukarta wahala, amonta kuma ba ya keta hayaniyar ƙaho da ganguna. A 1951 wani mai gyaran rediyo a Kalifoniya ta Amurka, Leo Fender, wanda shi kansa ba makaɗin jita ba ne, ya fito da jitar bes ta lantarki mai suna Precision, a 1960 ya ƙara da Jazz Bass. Har gobe yawancin jitocin bes da ke rataye a shaguna, na asali da na kwaikwayo, zubin waɗannan biyun suke bi.

Ƙasar da kuke zaune kuwa ta ci moriyar abin sosai. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Anacha ta zama cibiyar faifai, da kamfanoni irin su Tabansi da Rogers All Stars. Wannan na biyun ne ya fitar da Sweet Mother a 1976, waƙar Prince Nico Mbarga, haifaffen Abakaliki, wanda ƙungiyarsa Rocafil Jazz ke wasa a otal ɗin Plaza na Anacha. Shi Nico ɗin ya taɓa ganga, ya taɓa bes, kafin duniya ta san shi da jita. Ga Osita Osadebe na Atani, nan kusa da Anacha. Ga Celestine Ukwu na Inugu, ga Rex Lawson na ƙasar Ribas. Duk wanda ya saka faifan ɗaya daga cikinsu ya kawar da hankalinsa daga muryar mawaƙi, ya kasa kunne ga abin da ke gudana a ƙasa, zai ji wani mutum yana maimaita 'yan sautuka kaɗan na tsawon minti goma ko fiye, ba gaggawa, ba gajiya, kuma a kansa kowa ya dogara. Mafi yawan masu rawa ba su san sunan wannan mutumin ba.

(Ɗan kiɗan hailaif, a bar amon bes ya fito)

Yanzu mu shiga shagon kayan kiɗa, ko a Anacha ko a Fatakwal, mu tsaya gefe mu kalli ɗan shekara goma sha shida. Idonsa ba ya sauka a kan jitocin da ke jere a ƙasa. Can sama yake kallo, wajen ja mai sheƙi, ko baƙa mai kusurwoyi masu tsini, mai tsirkiya shida, mai maɓallai biyar ko shida a ciki. In mai shago ya sauko masa da ita, kafin ya taɓa tsirkiya sai ya rataya ta, ya sassauta maɗaurin har ta sauka kusa da gwiwa, ya juya ya nemi gilashin ƙofa ya ga yadda ta yi masa, ya miƙa wa abokinsa waya ya ɗauke shi hoto. Sannan ya duba sunan da ke rubuce a kanta. In an jona ta da amfilifaya, sai ya hau dukan tsirkiya da babban yatsa yana fizgo wata da manuni, tas, tas, tas, iya saurin da hannunsa zai iya.

Kada kowa ya yi masa dariya. Wannan ɗokin shi ne zai zaunar da shi awa uku yana koyo har yatsunsa su yi kanta, kuma wanda bai taɓa son wani abu haka ba, da wuya ya iya shi. Akwai ma dalilin da ya sa sha'awarsa ta karkata can, kuma dalilin yana cikin aljihunsa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 ne kacal a daƙiƙa ɗaya. 'Yar sifikar wayar hannu ba ta iya fitar da amo mai zurfi haka. Saboda haka yaron da ya san bes ta bidiyon TikTok da YouTube, ainihin muryarta ba ta taɓa isa kunnensa ta nan ba. Abin da waya ke kawo masa shi ne ƙarar dukan yatsa, da saurin hannu, da kyan fenti. Dole abin da ya ji ya gani shi zai so. Shi kansa salon dukan nan, Larry Graham na Amurka da ya shahara da shi ya faro shi ne saboda larura: yana kiɗa tare da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya riƙa cike gurbin ganga da yatsunsa.

To me ke sauya ra'ayin? Farko dai kafaɗa. Jitar bes ta yau da kullum takan kai kilo huɗu zuwa biyar, mai tsirkiya shida takan fi haka, wuyanta kuma ya fi faɗi. Minti goma a shago ba komai ba ne. Amma kwanan coci daga dare har asuba, ko biki daga azahar har bayan isha, duk nauyin a kafaɗa ɗaya, shekara da shekaru, shi ke sa ka ga magidanci ya shigo shago, kafin ya ce komai ya ɗaga jita da hannu ɗaya yana auna ta. Maɗaurin da ya sassauta yana yaro tuni ya ɗage shi sama, ya sayi mai faɗi, domin wuyan hannunsa ya fara yi masa magana.

Sai yanayi, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin darasi ne da ƙasar nan ke koyarwa da kanta. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Jita kuwa itace ce da ƙarfe. Itace yana shan danshi ya kumbura, wuyan jita ya lanƙwashe. Ƙarfe yana tsatsa, ga gumin hannu ga laimar iska. Maɓallan nan da suka burge yaro su ne ke fara ƙarar ƙwar-ƙwar in an murɗa su. Sannan a ce Sallah ta zo cikin hunturu, ya sa jitar a bayan doguwar mota ya tafi gida arewa. Cikin 'yan kwanaki itacen ya bushe ya tsuke, bakin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan su fito suna yankar hannu. Wanda ya sha wannan sau biyu, tambayarsa a shago takan koma: wuyan nan yana da ƙarfi? Sandar ƙarfen da ke cikinsa, wadda ake murɗawa a miƙar da shi, tana aiki? In wani abu ya lalace, akwai mai gyara a garin nan, akwai kayan gyaran? Shi ne za ka gani bayan an tashi daga wasa, kowa na hanzarin tafiya, ya zauna a kan sifika ya ciro tsumma daga aljihu, yana bin tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana sharewa, sama da ƙasa. In sun dushe kuma kuɗin sababbi bai samu ba, ya kwance su ya tafasa a tukunya, dattin ya fita, ya shanya su bushe sarai, ya mayar.

Wuta ma tana da nata. Jitoci da yawa na zamani suna ɗauke da batir mai bolt 9 a cikinsu don ƙara wa sauti kaifi. Abu ne mai kyau, har ranar da aka manta wayar amfilifaya a jone da jitar ta kwana tana shan batirin, ya mutu ana tsakiyar taro. Ga kuma zuzun da janareta da wayoyin da ba a haɗa su da ƙasa da kyau ba suke sakawa a sifika. Shi ya sa wasu manya ke komawa ga jita marar batir, mai maɓalli biyu ko uku, wasu kuma su riƙe mai batirin amma ba sa fita sai da wani a jaka.

Amma babban malami shi ne kunne, kuma kunne a cikin jama'a yake buɗewa. Ranar da saurayi ya fara kiɗa da ƙungiya, ya zubo duk gwanintar da ya koya a ɗaki, sai ya ga mai ganga yana harararsa, mawaƙi ya rasa inda zai sa ƙafa, masu rawa sun tsaya. Shugaban ƙungiya ya matso ya ce masa, "Rage hannu, ka bi ƙafar mai ganga." Abin yakan yi ciwo. Amma daga ranar ne yake fara gane cewa an ɗauke shi ne don ya riƙe kowa, kuma jitar da ta fi masa ita ce wadda amonta ke zama daram a ƙarƙashin ganga da murya ba tare da ta yi kokawa da su ba. Ku da kuke harkar kara kun san wannan: yaro in ya shigo, ƙaho da launi yake kallo, wanda ya daɗe a sana'a kuwa baki yake buɗewa ya duba haƙori, ya sa a ja sa ya ga tafiyarsa.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Manyan duniya a wannan fanni sun bi hanyar nan. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, kuma makaɗa ke ɗaukarsa uba, Precision ƙirar 1962 ya riƙe shekaru masu yawa. Ba ya canza tsirkiya sai ta tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, wanda ya zo Legas ya ɗauki faifai a 1973, yana saurayi a birnin Hambug na Jamus a 1961 kuɗinsa bai kai na Fender ba, sai ya sayi Höfner a kan kimanin fam 30. Daga baya ya yi arzikin da babu jitar da ta fi ƙarfinsa, ya riƙe wasu iri-iri, amma tun ƙarshen shekarun 1980 ya koma wa irin waccan ta ƙuruciya, mai ramin ciki marar nauyi, kuma da ita yake hawa dandamali yana da shekara fiye da tamanin. Aston Barrett na Jamaika, mai bes ɗin Bob Marley, da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta farko da falanki.

Sai dai kada a ɗauka girma kullum ragewa ne. Ku duba makaɗan coci na Fatakwal da Inugu, da yawansu mai tsirkiya biyar suke riƙewa, kuma suna da hujja. Tsirkiya ta biyar tana sauka ƙasa da ta huɗu, zuwa kaɗawa kusan 31 a daƙiƙa, kuma in mai jan waƙa ya sauya murya ba shiri, tana ba makaɗi wurin bin sa ba tare da ya yi ta tsalle a wuyan jita ba. Richard Bona na maƙwabciyarmu Kamaru, wanda aka haifa a 1967, yana yaro da wayar birkin keke ya yi wa jitarsa tsirkiya. A Duwala ya ji faifan makaɗin bes Jaco Pastorius ya koma bes, yau kuma mai tsirkiya biyar ta ƙwararrun maƙera yake riƙewa a manyan dandamalin duniya. Bambancin shi ne, in ka tambayi irin waɗannan me tsirkiya ta biyar ke yi musu, za su nuna maka a take. In ka tambayi saurayinmu me zai yi da ta shida, sai ya yi murmushi.

Akwai wani abu kuma da nake fata ga 'ya'yanmu na nan, kuma shi ya fi damuna. Yaro zai iya lissafa maka makaɗan Amurka goma, amma bai taɓa zama ya saurari garaya ba. Alhali muna da namu kayan tsirkiya masu zurfin amo. Ga garaya mai tsirkiya biyu, kiɗan maharba, ga babbarta da ake kira komo. Maharban giwa kuwa suna cikin Hausawan farko da suka zauna a Elele tun wajen ƙarshen ƙarni na 19. Ga gurmi irin na Haruna Uji, ga molo. Can Maroko, 'yan Ginawa, jikokin mutanen da aka kwasa daga ƙasashenmu na kudu da Sahara, suna da gimbiri mai tsirkiya uku, wanda aikinsa a kiɗansu shi ne aikin bes, kuma yau makaɗan Turai da Amurka suna zuwa koyonsa. Marigayi Dan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntigi ya riƙe, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tal, da shi ya zaga duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Wanda ya ƙware a bes ɗin hailaif a Anacha, sannan ya zauna ya kwashe yadda mai garaya ke jujjuya sautuka biyu zuwa uku har jiki ya ɗauka, zai fito da abin da babu mai shi a Legas ko Landan. Yaran da suka tashi tsakanin harsuna biyu da kiɗa biyu su ne suka fi kowa damar yin wannan.

Iyaye, na san a cikinku akwai waɗanda ba su yarda ɗansu ya kusanci kiɗa ba sam, bisa fahimtar addini ko martabar gida. Wannan hukuncinku ne da malamanku, kuma ina girmama shi. Maganata da waɗanda suka amince ne, ko suka ga yaron ya riga ya yi nisa. Ku zauna da shi ku ji inda yake zuwa koyo, wa ke koya masa, ƙarfe nawa ake tashi, karatu da shago kuma ina aka bar su. Sana'ar tana da dare a cikinta, dare kuma yana da abokan da ba na kirki ba. Yaron da aka yi shawara da shi a gida ya fi wanda ke saɗaɗawa tsira.

Ku kuma ƙannena samari, in kuɗin ya taru, kada ku je shago ku kaɗai. Ku nemi wanda ya daɗe yana kaɗawa ya raka ku, ko da ba yarenku ɗaya ba. Makaɗan garuruwan nan ba su cika rowar sani ga yaro mai ladabi ba. Ka ɗaga jitar ka sa ido daga gindinta ka hango wuyan, ka ga ko ya murɗe. Ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi tun daga sama har ƙasa, ka ji ko akwai inda take zizara ko ta mutu. Ka girgiza wayar a bakin ramin da ake jona ta, ka murɗa kowane maɓalli. Ka rataya ta ka tsaya minti goma sha biyar kana hira, ka ji abin da kafaɗarka za ta ce. In hannunka ƙarami ne, akwai mai gajeren wuya, inci 30 maimakon 34 da aka saba. Sunan da ke kanta kada ya ruɗe ka, domin jabu sun yi yawa, kuma manna suna ba wuya. Squier ko Yamaha ko Ibanez ta gaskiya, ko da ta hannu ce, ta fi babban suna na ƙarya. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Kuma kada ka zuba duk kuɗin a jita. Ka ware na ƙaramar amfilifaya, domin bes ba ta jiyuwa sai da ita, da na waya mai kyau, da jaka mai kauri saboda ruwan sama da hawa okada ko keke. Ka bar wani abu kuma na mai gyara, ya daidaita maka wuya da tsayin tsirkiya tun ranar farko, domin yara da yawa sun bar koyo suna zaton hannunsu ne ba ya iyawa, alhali jitar ce ba a saita ba. In kana tsayawa kusa da sifika awa da awanni, ka sayi abin toshe kunne na makaɗa, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ji yadda ake ɗaura fata da tsirkiya a gurmi, da abin da damina ke yi masa a ƙasar kudu.  

(Kiɗan rufe shiri)